Mu Injiniyoyin Unguwa da Kashi 5 ɗin da Ake Yanke Mana

Duk unguwar da ka shiga a Maiduguri, daga Gwange har Bulumkutu, daga Bolori har Mairi, akwai irinmu: saurayi da jaka goye a baya, a cikinta kwamfuta da caja da nannaɗaɗɗiyar wayar intanet da ɗan abin matse kanta. Mutanen unguwa "Injiniya" suke ce mana baki ɗaya, ko digiri ka yi a Jami'ar Maiduguri, ko difloma a Ramat, ko a Kasuwar Jagwal ka koya a gindin wani maigida. Iyayenmu mata kuwa, in an tambaye su aikin da muke yi, sai su ce, "Ai yana enjiyo." Suna da gaskiyarsu, don suna ganin muna shiga ofisoshin ƙungiyoyin agaji muna fita, wani lokaci har da kati rataye a wuya. Sai dai yawancinmu 'yan kwangila ne. A kira ka, ka yi, a biya ka, ka kama gabanka. Wannan ɗan bambancin da muke rainawa shi ke cin kuɗinmu kowace shekara, kuma shi ne hirar da majalisarmu ta kasa rufewa tun da aka shiga 2026.

Garin nan ne ya koya mana sana'ar, da wuya kuma ya koya mana. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an kashe layukan waya a Borno, mutum sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. A Janairun 2021 aka kayar da turakun da ke kawo mana lantarki daga Damaturu, muka zauna wata da watanni cikin duhu, kuma sai a Maris ɗin 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai megawat 50, a nan cikin gari. Shi ya sa da wuya ka sami ɗan kwamfutar Maiduguri da bai iya lissafin sola da batir ba. A Legas wannan aikin wani ne daban. A nan, in ba ka kawo wutar da kanka ba, na'urar da ka ɗaura kwalliya ce kawai a jikin bango. Da ƙungiyoyin agaji suka cika gari daga wajen 2016, sun tarar da mu a shirye. Suna son intanet a ofis, suna son a saita musu wayoyin tattara bayanai da KoboToolbox ko ODK, suna son wanda zai farfaɗo da firinta ranar da rahoto zai tafi. Da Starlink ya shigo Najeriya a 2023, muka ƙara da hawa rufin kwano.

Neman aikin kuwa baki ne da ƙafa. Akwai masu leƙa ReliefWeb kullum da safe, akwai masu bin ƙofofin ofisoshi a GRA da hanyar Damboa suna karanta takardun da aka manna. Amma aikin da ke sa tukunya ta tafasa yawanci ta WhatsApp yake zuwa, ko a wurin ɗaurin aure, ko bayan an idar da Juma'a wani abokin karatunka da ke sashen sayen kaya ya ja ka gefe ya ce, "Mutumina, intanet ɗinmu na Monguno ya ƙi, za ka iya zuwa jibi?" Ba a cewa a'a. Ka kwana haɗa kaya, da sassafe kana filin jirgi, jirgi mai saukar ungulu na UNHAS ya sauke ka a Monguno ko Dikwa ko Ngala ko Damasak, ka hau kan kwantena cikin zafin Afrilu kana neman saiti. Muna kuma miƙa wa juna. Wanda ya ƙware a shafin intanet, in an ba shi jan waya, ya san wanda zai kira, shi ma wata rana a rama masa. Ƙannenmu mata da yawa daga ɗaki suke nasu, shigar da bayanai da tsara rahoto da zanen sanarwa, kuma wallahi sun fi mu riƙe lokaci. Idan kakar JAMB ta zo, cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta su kwashe rabin majalisa.

Haka muke ta lallaɓawa har Janairun 2025, lokacin da shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da kuɗin agajin ƙasashen waje, aka kuma wargaza USAID cikin 'yan watanni. Abin ya taɓa Maiduguri har cikin tukunya. Ofisoshi suka rage mutane, wasu suka rufe, waɗanda suke ba mu aiki jiya suka dawo suna neman irin namu yau. A nan ne kowa ya ga matsayinsa ƙuru-ƙuru. Akwai ɗan majalisarmu da ya yi shekaru a ofis guda, yana shiga ƙarfe takwas yana fita biyar, da kwamfutarsu yake aiki, sai ya nemi izini kafin ya je jana'iza, amma takardarsa ta wata uku-uku ce, an rubuta masa "konsaltan". Da aka zo sallama, abokan teburinsa suka tafi da kuɗin sallama da asusun fansho, wanda dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Shi kuwa saƙon godiya aka turo masa. Wannan abu yana ci mini rai har yanzu. Mutumin da aka yanka wa lokacin zuwa da na tashi, aka ba shi kujera da shugaba, ma'aikaci ne ko me aka rubuta a saman takarda, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana duba yadda aikin yake gudana a zahiri. Amma wa ke da ƙarfin kai ƙarar wanda yake fatan zai sake kiransa? Abin da ya rage mana shi ne mu san kanmu tun kafin mu sa hannu. In ɗan kwangila ne kai, to ka sa farashin ɗan kwangila, wanda ya ƙunshi jinyarka da hutunka da watannin da ba aiki. Kada ka karɓi albashin ma'aikaci ba tare da rigar ma'aikaci ba.

To sai maganar yanka. Kowannenmu ya san wannan yanayin: kun yi ciniki a kan naira 600,000, saƙon banki ya shigo da 570,000. Ka kira mai kuɗi, ya ce maka, "Haraji ne, Injiniya, doka ce." Ka yi tsaki, ka zo majalisa ka ce an yanke ka, kowa ya taya ka jimami, a zuba shayi, magana ta mutu. Mun ɗauki wannan 30,000 a matsayin asara irin ta faɗuwar waya a kwata.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi ritaya daga ofishin haraji na jiha. Yakan zauna gefe da radiyonsa, ba ya cika sa baki a hirar yara. Ran nan dai ya kasa haƙuri.

"Ɗana, ina rasit ɗin?"

"Wane rasit, Baba?"

"Na kuɗin da aka yanka. Wanda ya yanka, dole ya ba ka shaida. Kuɗin nan naka ne, an riga an kai maka ajiya ne a kan harajinka na shekara. In ba ka karɓi takarda ba, ka yi kyauta, kuma ba ka san wa ka ba."

Majalisa ta yi tsit, har mai shayi ya tsaya da firfita. Baba ya warware mana abin dalla-dalla. Ma'aikaci, ofishinsa ne ke cire masa haraji daga albashi kowane wata ya kai, ba ruwansa da zirga-zirga. Ɗan kwangila kuwa shi ne ofishin kansa. Abin da ake yanke masa, wanda 'yan ofis ke kira WHT, kafin alƙalami ne kawai. A ƙa'idar da aka fitar a 2024, wadda ta kankama a Janairun 2025, aikin ƙwarewa da na ba da shawara da na fasaha kashi 5 cikin 100 ne ga mazaunin Najeriya, kawo kaya kuma kashi 2. Idan da sunanka ka yi aikin, kuɗin na Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Borno ne. Idan kamfani ne mai rajistar "limited", na tarayya ne, wato hukumar da muka sani da FIRS, wadda yanzu ta koma NRS. Abin da ya fi burge ni shi ne, ƙa'idar ta ce rasit ɗin da mai yanka ya ba ka hujja ce a gaban hukuma ko da shi bai kai kuɗin ba. Bashin ya koma wuyansa. Ka ga kenan takardar nan guda tana kare ka, tana kuma hana wani marar tsoron Allah ya yanka da sunan gwamnati ya zuba aljihu.

Wani daga cikinmu ya ce shi kashi 10 ake cire masa, ba 5 ba.

"Kana da lambar haraji?" in ji Baba.

"Ban taɓa nema ba, Baba."

"To kai ka ninka wa kanka. Wanda ba shi da lamba, ninki biyu ake yanka."

A kan aikin 600,000, wannan sakacin 30,000 ne na banza, kuɗin da zai sayi data da man janareto na kwanaki. Kuma yanzu abin ya wuce maganar ragi. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, sun ɗora tarar naira miliyan 5 a kan kamfani ko hukumar da ta ba wanda ba shi da rajistar haraji kwangila. Wane jami'in kuɗi ne zai ɗauki wannan kasada saboda kun yi makaranta tare? Abokinka na sashen sayen kaya zai so ka har zuciya, amma takardarka ba za ta wuce teburin akanta ba. Sauƙin da aka samu shi ne an ɗaure lambar harajin mutum da lambarsa ta NIN, ta kamfani kuma da rajistarsa ta CAC, don haka yawancinmu mun riga mun yi rabin tafiyar ba mu sani ba.

Akwai kuma wata ɓarakar da mu muke yi da hannunmu. An ce ka haɗa intanet a ofis, ka sayo na'urori da wayoyi da batir na naira miliyan 2, ladan aikinka 300,000, sai ka dunƙule su a layi guda ka rubuta "aikin haɗa intanet, 2,300,000". Akanta ba zai tsaya tankaɗe maka ba, kashi 5 zai ɗora a kan duka, 115,000 ta tafi, fiye da sulusin ladanka. Da ka raba, kaya a layinsu, aiki a layinsa, da 40,000 ne a kan kaya, 15,000 a kan aiki. Kuɗin mota da na masauki ma, in an ware su a fili a matsayin abin da za a mayar maka, ba sa shiga yankan. Rubutun minti biyar ne, amma mu da za mu kwana muna bin waya ɗaya a cikin silin har mu gano inda ɓera ya ci, takardar neman biya ce muke yi a tsaye a bakin ƙofa.

Da aka zo lissafin shekara, sai fuskoki suka fara sakewa. A sabuwar doka, naira 800,000 na farko na abin da ka samu a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, daga nan ya hau 18, yana tafiya har 25 ga wanda ya haura miliyan 50. Kuma a kan riba ake lissafi, bayan ka cire abin da ka kashe domin aikin, in kana da shaidarsa. Mai zaman haya yana da rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyakarsa 500,000. Baba ya ari biro ya yi mana misali a bayan kwalin sukari. A ce yaro ya yi aikin miliyan 1.2 a shekara, an yanke masa 60,000. Cire 800,000, saura 400,000, kashi 15 ɗinta 60,000 ne cif. Ba a bin sa ko kwabo, tun ma kafin ya cire kuɗin data da na keke. A ce kuma babba ne, ya yi aikin miliyan 4, an yanke 200,000, ya kashe miliyan 1 a kan aikin. Harajinsa 330,000, an riga an kai 200,000, saura 130,000 ya cika ya karɓi takardar shaidar biyan haraji. Wannan takardar kuwa ita ake tambaya duk inda kwangila ta ɗan yi nauyi, ta shekara uku a jere ake so. Wanda bai tara rasit ba, ranar da ya je neman ta, daga farko za a yi masa lissafi kamar bai taɓa biyan komai ba. Wa'adin kai bayanin shekara 31 ga Maris ne, kuma sabuwar doka ta sa tarar 100,000 a watan farko ga wanda ya ƙi.

Rashin wannan takarda ne ya haifar da al'adarmu ta aron kamfani. Ƙungiya ta ce a kawo farashi daga wuri uku, da rajistar CAC da shaidar haraji, kai kuma ba ka da ko ɗaya, sai ka je wurin wani Alhaji mai takardu. Shi zai karɓi kuɗin a asusunsa, ya cire kasonsa, ya ba ka saura in ya ga dama da wuri. Kowa ya san haka ake yi, kuma ba na zargin wanda ya yi don ya ci abinci. Amma duba abin da ake bari a can: rasit ɗin yankan da sunan kamfaninsa zai fito, takardar yabon kammala aiki da sunansa, tarihin aikin a littafin ƙungiya da sunansa. Ka yi shekara biyar kana hawa rufi, a takarda ba ka taɓa ɗaura ko ƙusa ba. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji Baba, kuma rajistar sunan kasuwanci ba ta kai abin da Alhaji ke cirewa a aiki ɗaya mai kyau ba.

Sai dai ya ja mana kunne kada zumuɗi ya kwashe mu zuwa "limited" don kawai dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani. Mai sunan kasuwanci, a idon haraji, shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne, jiha yake biya. Kamfani kuwa mutum ne daban, da littafinsa da akantansa da bayanan da zai riƙa kaiwa kowace shekara ko ya yi aiki ko bai yi ba. An yi wa ƙananan kamfanoni rangwame, gaskiya ne, amma doka ta ware masu aikin ƙwararru daga ciki, don haka mai sayar da basirarsa ya zauna da akanta tukuna kafin ya buga hatimi.

'Yan dala na majalisa suna can gefe suna murmushi, su da ke aiki a Upwork da Fiverr, kuɗi na shigo musu ta Payoneer, babu mai yanke musu komai. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 su ne masu sayen tsire. Ɗaya ya ce shi ai ya cike takardar W-8BEN, ya gama da haraji. Baba ya girgiza kai.

"Waccan takardar Amurka ka gaya wa kai ba ɗanta ba ne. Borno fa, me ka gaya mata? A nan kake kwana, a nan kake tashi. Mazaunin ƙasa, duk inda kuɗinsa ya fito, a gida ake lissafinsa."

Haka ma masu ɗan kwantiragi da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda galibi ake biyansu cif ba ragi. In ka karanta ƙananan layukan takardar, za ka ga an rubuta cewa harajinka a wuyanka yake. Su waɗannan su ne suka fi buƙatar ware wani abu gefe duk sanda kuɗi ya shigo, don babu wata ajiya da aka kai musu.

Ba a tashi ba sai da mai gardamar majalisa ya faɗi abin da ke ran mutane da yawa. "Baba, ka yi haƙuri, amma me aka yi mana? Wuta mu muka saya, ruwa mu muke saya a wurin 'yan garuwa, madatsar ruwan Alau ta fashe, ruwa ya shiga ɗakunanmu. Gwamna da kansa ai ya ƙi dokar nan." Ba ƙarya ya yi ba. A ƙarshen 2024 Gwamna Babagana Zulum da Sanata Ali Ndume sun fito fili sun soki ƙudurorin, musamman yadda za a raba kuɗin VAT tsakanin jihohi, kuma sai da aka yi gyare-gyare kafin su zama doka. Kakanninmu ma ba su bar mana labari mai daɗi game da haraji da jangali ba. Ina jin zafin da yake ji. Inda muka rabu da shi shi ne, kuɗin nan an riga an yanka. Ƙin karɓar rasit ba ya rage wa gwamnati komai, kai yake ragewa. Kuma mai takardar biya a hannu ya fi ƙarfin murya ranar da zai tambayi inda kuɗin kwata da na asibiti suka shiga.

Ambaliyar Alau ta 10 ga Satumban 2024 ta koya mana wani abu kuma. Ruwan da ya shanye Gwange da Fos Ofis da Kasuwar Monde bai bar fayil ba. Akwai waɗanda 'yan takardun da suka tara suka zama dusa. Yanzu duk rasit ɗin da ya shigo hannu, hoto ake fara ɗauka a tura imel kafin a ninke shi.

Wata ƙanwarmu mai tsara bayanai ita ta riga kowa gyara. A ƙasan kowace takardar farashi tana rubuta lambar harajinta, ta raba kaya da aiki, sannan ta ƙara layi guda: a haɗo rasit ɗin abin da aka yanka tare da biya. Wani ofis ya ce mata su ba su saba ba, ta ce, "Yallaɓai, ba gardama nake ba, haƙƙina ne, kuma ku ma kariya ce gare ku ranar bincike." Sun ja ƙafa, ta bi su da kira cikin ladabi, suka bayar. Yanzu samfurin takardarta ne ke yawo a zaurenmu na WhatsApp, kowa na cire sunanta yana sa nasa, kuma Baba ya ce duk wanda ya haɗa rasit ɗinsa na shekara ya kawo masa bayan la'asar, zai duba masa lissafin kafin ya kai ofis.